Rijiyar Gayya, Ta Wa Ce?

Ran nan bayan sujadar yamma wani saurayi na ikilisiyarmu ya biyo ni gida, da wayarsa a hannu. Yaron ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, yana kuwa da hannu a aikin. Ya ce, "Baba Fasto, ina da tambaya, amma ban sani ba ko irin wadda a ke kawo wa fasto ce." Na ce ya zauna ya faɗi.

Ya ce akwai wata manhaja wadda mutanen ƙasashe dabam dabam su ke ginawa tare, kowa yana kawo abin da ya iya, ba a biyansa ko kwabo. Shi kuwa ya lura manhajar ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, watau ɓ da ɗ da ƙ. In an ce ta jera sunaye bi da bi, sai ta jefa Ɗanladi da Ƙasimu can bayan Zakariya. Ya hana idonsa barci kwana da kwanaki har ya gyara wurin, ya aika wa masu kula da aikin. Suka yi masa godiya, amma suka ce ba za su karɓa ba sai ya sa hannu a wata takarda. Ya ce, "Baba, ni kyauta na bayar. Me ya kawo takarda cikin kyauta?"

Ban ba shi amsa a daren nan ba, gama ni ma ban sani ba. Na ce ya bar mini takardar. Na yi makonni ina karatu a kan batun, ina kuma juya shi a zuciyata, na ga ashe tsohuwar magana ce ta sa sabuwar riga.

Da fari bari in bayyana wa mai karatu abin da a ke magana a kai. Manhaja ita ce umarnin da a ke rubuta wa kwamfuta ko waya domin ta san aikin da za ta yi. Mutum ne ya ke rubuta ta, layi layi, kamar wasiƙa. Saboda haka doka ta ɗauke ta kamar littafi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa ta cikin ayyukan rubutu. Da ka rubuta ta zama taka, ba sai ka je ofis ka yi rajista ba. Haƙƙin kuwa yana nan har shekara 70 bayan mutuwarka, a hannun magadanka. Ashe yaron nan da bai mallaki ko akuya ba, mai dukiya ne a idon doka, bai sani ba. Ba mai ikon kwafar rubutunsa ko sāke shi sai da yardarsa. Yardar nan, in an rubuta ta da sharuɗɗanta, ita a ke kira lasisi.

Yawancin kamfanoni su kan ɓoye asalin rubutun manhajarsu, su sayar maka da izinin amfani kaɗai. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ce bai yarda da wannan ba. Ya fara wani aiki da ya kira GNU, domin a yi manhaja wadda kowa zai iya karanta cikinta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. A 1989 ya fito da lasisin da a ke kira GPL. Dabararsa ita ce, mai rubutu bai yar da haƙƙinsa ba, yana riƙe da shi, amma ya ce wa duniya: ku ɗauka, ku gyara, ku raba, ku sayar ma in kun so, sharaɗi ɗaya ne, duk wanda kuka miƙa wa, ku miƙa masa da 'yancin da kuka samu, da asalin rubutun a buɗe. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara manhajar Linux, a 1992 ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi. Wanda ya ke da wayar Android a aljihu, yana ɗauke da aikin nan ko bai taɓa jin sunansa ba.

To, mu koma gida.

Mu mutanen Gobir mun san gayya. Amma in mun lura gayya iri biyu ce, ko da ya ke suna ɗaya mu ke kiransu. Akwai gayyar gona. Mutum ya ga ciyawa ta fi ƙarfinsa, ya aika wa samarin unguwa, a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗi ya zo da gangarsa, a jera a yi noma har rana ta karkata. Da kaka ta yi, damman geron nan duka rumbun mai gona su ke shiga. Ba saurayin da zai zo ya ce a ba shi kasonsa. Ba a cuce shi ba, domin tun da ya saɓa hauyarsa ya fito ya san gonar wa zai nome. Ya ci tuwo, ya sha fura, ya kuma san ran da tasa ta taso za a zo masa.

Akwai kuma gayyar rijiya. Mai unguwa ya tara mutane ya ce matanmu suna wahalar zuwa Gulbin Rima da rani, mu haƙa rijiya. Wannan ya kawo diga, wancan ya kawo igiya, mai jaki ya kwashe ƙasa, tsoho da ba shi da ƙarfi ya kawo goro. Ba wanda ya yi tsammanin lada, gama ladan shi ne ruwan. Da wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba, da baƙo mai wucewa da Bafillace da shanunsa, kowa ya zo da gugansa.

Yanzu a ce rijiyar nan a filin wani aka haƙa ta. Bayan shekara biyar, da ya ga ruwa ya yi daraja, ya kewaye ta da danga, ya sa ƙyaure, ya ce tulu naira kaza. In an kai ƙara zai ce filinsa ne, yana da shaidu. Watakila ma ya yi nasara a gaban alƙali. Amma ba mahalukin da zai ce ya yi daidai. Laifinsa ba sayar da ruwa ba ne, gama 'yan garuwa suna sayarwa kullum ba mai zarginsu. Laifinsa shi ne ya kira mutane gayyar rijiya, ya mai da ita gayyar gona bayan an gama aiki. Da ya faɗa tun farko, waɗansu da sun zo duk da haka, waɗansu da sun zauna gida. Ya ƙwace musu wannan zaɓi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Takardar da aka aiko wa yaron nan, a nan maganarta ta ke.

Masu gina manhaja tare suna da hanya biyu ta shirya haƙƙinsu. A hanya ta fari, kowa yana riƙe da haƙƙin layukan da ya rubuta, ya dai yarda a haɗa su da na sauran ƙarƙashin lasisi guda. Haka Linux ta ke. Mutane dubbai ne su ke da haƙƙi a cikinta, har Torvalds kansa ba shi da ikon ya tashi da safe ya ce ya rufe ta. Watau rijiyar ba a filin mutum ɗaya ta ke ba. A hanya ta biyu, kamfani ko ƙungiyar da ta ke jan aikin ta kan ce wa kowane mai taimako ya sa hannu, ko ya miƙa mata haƙƙinsa ɗungum, ko ya ba ta ikon sāke lasisi yadda ta ga dama. Sa'an nan mabuɗi ya taru a hannu ɗaya.

Abin da a ke tsoro ya kuwa taɓa faruwa. Wani kamfanin Amurka mai suna HashiCorp yana da manhaja buɗaɗɗiya da a ke kira Terraform, mutane da yawa na waje sun sa hannu a gininta, suna kuma sa hannu a irin takardar nan. A watan Agusta na 2023 kamfanin ya sāke lasisi, ya hana masu gasa da shi yin ciniki da sababbin fitowar manhajar. Bai karya doka ba. Abin da ya riga ya bayar a dā kuwa bai iya janyewa ba, domin haka waɗansu suka ɗauki tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu. Amma da yawa cikin masu taimakon sun ji kamar karin maganar nan ce ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma fa kada mu yi gaggawar yanke shari'a. Mai danga ma yana da bakin magana, ya kamata mu ji shi. Kamfanin ya ce shi ne ya ke biyan ma'aikatan da su ke yawancin aikin, ga waɗansu kuma suna ɗiban manhajar suna ciniki da ita ba su mayar da kome. Wannan kuka ne na gaske. Rijiya tana bukatar yasa. In kowa yana sha ba mai shiga ya kwashe laka, wata rana za a jefa guga a ji ya bugi ƙasa. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka babba cikin manhajar OpenSSL, wadda bankuna da kamfanoni masu ɗimbin dukiya su ke dogara da ita domin tsare asirin mutane a intanet. Da aka bincika sai aka tarar mutane 'yan kaɗan ne su ke kula da ita, gudummawar da ta ke shigo musu kuwa wajen dala 2,000 ce a shekara. Duniya duka tana sha, masu yasa suna kwana da yunwa. Wanda ya ce zai sha kyauta har abada ba zai taɓa kawo igiya ba, shi ma ba shi da gaskiya.

Hanya ta fari kuma tana da tata wahala. In kowa yana riƙe da nasa, ran da bukatar sāke lasisi ta taso, ko da domin alheri ne, sai an nemi kowa. Masu manhajar Mozilla, waɗanda su ka yi Firefox, sun fara irin wannan nema a 2001, ba su gama ba sai 2006. Sun yi ta bin ɗaruruwan mutane ɗaya ɗaya. Wanda aka rasa inda ya ke, dole a cire rubutunsa a sāke wani. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gonar gado wadda magada suka warwatsu, wani a Maraɗi, wani a Legas, wani ba a san ko yana da rai ba, ya san irin wannan ciwon kai. Har ƙungiyar Stallman kanta ta daɗe tana roƙon masu taimako su miƙa mata haƙƙinsu, domin in wani ya karya sharaɗi ta iya tsayawa gaban shari'a da murya ɗaya. Sai dai ita a cikin takardar tana ɗaure kanta da alkawari cewa manhajar za ta zauna a buɗe.

Ashe ba takarda ce mugun abu ba. Abin dubawa shi ne ko ta ɗaure hannu biyu, ko kuwa hannun mai bayarwa kaɗai ta ɗaure ta bar na mai karɓa a sake.

Akwai kuma masu bayarwa ba tare da sharaɗin mayarwa ba sam. Lasisinsu ya ce ka ɗauka ka yi abin da ka ke so, ka rufe naka in ka so, ka dai bar sunansu a jiki. Ba na zarginsu, karimci ne. Amma mai irin wannan kyauta ya san abin da ya yi, kada ya zo daga baya yana kuka. Mu da mu ke zaune kusa da kufan Alkalawa muna da abin tunawa. Masu tarihi sun ce wurin nan gonakin Alƙalin Zamfara ne, can sunan ya samo asali. Zamfarawa ne suka karɓi Gobirawa baƙunci suka ba su wurin zama. Ba a daɗe ba, a zamanin Sarkin Gobir Babari, baƙo ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alkalawa ta zama babban birnin Gobir har faɗuwarta a 1808. Ni Bagobiri ne, kakannina na ke ba da labarinsu, kada wani ya ce na yi gori. Na dai ce mai ba da masauki ya yi tunanin gobe.

Maganar suna kuwa ba ƙarama ba ce. Kusan dukan lasisin nan, da masu tsanani da masu sauƙi, sun haɗu a kan abu guda, watau kada a kankare sunan wanda ya yi aiki. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Malaman dā na ƙasar nan da hannu su ke kwafar littattafai. Ba mai hana ɗalibi ya ari littafi ya kwafa, ta haka ilimi ya bi garuruwa. Amma mai kwafa ya kan rubuta sunan mawallafi a farko, a ƙarshe kuma ya sa nasa, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Littafi na kowa ne ya karanta, amma an san mai shi, an kuma san hannun da ya bi. In an sami kuskure an san wurin da za a nema.

Na yi murna da na ga irin wannan tsari a aikin da ya shafi harshenmu. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan kwamfuta na ajami bisa salon rubutun Kano, ta sa musu suna Alkalami. Lasisinsu ya yarda kowa ya ɗauka kyauta, ya buga littafi da su ya sayar, ya gyara su in ya iya. Amma ba a sayar da haruffan su kaɗai, wanda ya gyara kuma dole ya bar nasa a buɗe, ya kuma sa masa wani suna dabam, domin kada kuskurensa ya hau kan masu asali. Haka kuma ƙungiyar Biblica ta saki fassararta ta Littafi Mai Tsarki da Hausa, Sabon Rai Don Kowa, da buɗaɗɗen lasisi mai sharaɗin ambaton mai shi da barin abin da aka sāke a buɗe. A nan sai in juyo kanmu kaɗan. Sau nawa mu kan kai littafin waƙoƙi ko na koyarwa wurin mai injin kwafa, mu bar shafin farko domin ragin kuɗi, shafin da ke ɗauke da sunan wanda ya sha wahalar rubutawa? Sau nawa ƙungiyar mawaƙa ta kan rera waƙar wata ikilisiya a taro, ba ta ce ga inda ta samo ba? Mu kan ce ai aikin Allah ne. To, aikin Allah ne, amma da hannun wani ɗan'uwa aka yi shi.

Labarin Hananiya da Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5 ya taimake ni ƙwarai a nan. Mutane da yawa suna tsammani laifin Hananiya rowa ce. Ba haka ba ne. Bitrus ya tuna masa cewa gonar tasa ce tun ba a sayar ba, kuɗin ma yana hannunsa bayan an sayar, ba wanda ya tilasta masa. Abin da ya kashe shi shi ne ya riƙe wani kashi ya nuna kamar ya kawo duka. Kamfanin da ya ce wa jama'a, "Ku zo, aikin nan namu ne duka," alhali ya ɓoye mabuɗi a aljihu, ya bi sawun Hananiya. Da ya ce a fili, "Ku sani wata rana ina iya rufewa," ba ni da ta cewa.

Amma labarin yana da kaifi biyu. Mai taimako ma yana iya kawo abin da ba nasa ba ya ce kyauta ce. Wani ya kwaso rubutun kamfanin da ya ke yi wa aiki, ko ya tsinto na wani a intanet, ya goge suna, ya miƙa. Ya ɗauki tunkiyar maƙwabci ke nan ya kai gudummawar biki. Ran da mai tunkiya ya zo, duk wanda ya ci naman ya shiga uku. A 2003 wani kamfani mai suna SCO ya kai IBM ƙara, yana cewa an zuba rubutunsa cikin Linux. An yi shekaru ana shari'a, Linux kuwa ta tsira. Amma tun 2004 masu Linux suka kafa ƙa'ida, duk mai kawo gyara sai ya rubuta sunansa a ƙarƙashi, yana shaida cewa shi ya rubuta, ko kuwa yana da ikon bayarwa. Ba su karɓe haƙƙin kowa ba, shaida kaɗai su ke nema. Irin wannan sa hannu ban ga aibinsa ba ko kaɗan.

Da yaron ya dawo muka zauna muka karanta takardarsa layi layi, da Turancinta mai wuya. Kashi na fari shaida ce cewa aikin nasa ne. Na tambaye shi, "Ɗana, da kwamfutar wa ka yi shi, a lokacin wa kuma?" Ya ce da tasa, da dare, ba a wurin aiki ba. Na ce to, wannan ba damuwa. Kashi na biyu ya ce haƙƙi yana nan a hannunsa, sai ya yi murmushi. Na ce ya ci gaba. Kashi na uku ya ba kamfanin izini na har abada, wanda ba a janyewa, ya raba rubutun ƙarƙashin kowane lasisi da ya ga dama. Muka nemi wurin da kamfanin ya yi nasa alkawari, muka juya har ƙarshe, babu.

Ya ce, "Baba, in sa hannu ko kada in sa?" Na ce ba zan ce masa zunubi ne ba, gama ba zunubi ba ne. Mutum yana da iko ya je gayyar gona da farin ciki, in dai ya san gona ce. In abin da ya dame shi shi ne Ɗanladi da Ƙasimu su koma wurinsu a jeri, ko da wata rana za a sayar da aikin, ya sa hannu da ido buɗe, kada kuwa ya yi gunaguni daga baya. In kuwa zuciyarsa rijiya ta ke so ta haƙa, ya rubuta musu da ladabi ya tambaya ko za su ƙara layi ɗaya, cewa abin da ya bayar zai zauna a buɗe.

Ya zaɓi ya rubuta. Ya kuma ajiye gyaran nasa a fili inda kowa zai iya ɗauka, da sunansa a kai, ƙarƙashin lasisin da manhajar ta ke da shi yanzu, gama lasisin ya ba shi wannan iko. Har ran da na ke rubuta wannan ba su amsa ba. Amma ya gaya mini wani malamin makaranta a Isa ya riga ya ɗauka, yana jera sunayen 'yan ajinsa da shi.